Jar Rigar Madrina

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa Allah ya ba kowa aminiya irin Lala, na ga addu'arku. Ban ce amin ba. Ku karanta na yau, wanda har yanzu yake so sai ya shafa da kansa.

Ɗaya ga watan Oktoba ne, ranar da ake sauya wa Madrina riga, wato Santa Muerte, siffar mutuwa da mutanen nan suke roƙo. Tun hantsi layin Don Melquíades, tsohon da ke kula da ɗakinta, babu masaka tsinke. Kowa ya rungumo tasa Santa Muerte, wani a ƙirji, wani a jakar baya kanta a leƙe. Waɗanda aka biya wa buƙata suna ta cusa wa mutane tuffa da alewa a hannu. Wani ƙato mai zane har wuya ya tare ƙanwata Tencha, ya dubi hoton 'yarta da ke rataye a wuyanta, ya fesa wa ƙaramar siffar da ke hannunta giyar tekila.

"Madrina ta dubi hawayenki, uwa," ya ce.

Tencha ta yi godiya. Ni ban yi ba.

Ban taɓa ɓoye muku ba, ni rakiya nake zuwa. A idona ƙwarangwal ce da aka sa wa gashi da riga, aka ba ta lauje. Amma tun ranar da Yaretzi, 'yar Tencha ɗaya tilo, ta ɗauki farar rigar bikin cikarta shekara goma sha biyar a leda, ta ce, "Mama, na tafi wajen Madrina," ba ta dawo ba, babu ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba. Fada, limamin cocinmu, ya ce a yi haƙuri. 'Yan sanda suka ce yarinya mai shekara goma sha takwas ai saurayi ta bi. Nan ne kaɗai ba a ce wa Tencha komai, shi ya sa take zuwa.

Kuma kowa a unguwa ya san alkawarin yarinyar: in ta samu makarantar koyon aikin jinya, rigar ta zama ta Madrina. Ta samu a watan Janairu. Washegari ta fita da ledar.

Lala tana gefenmu kamar kullum, ta riƙe hannun Tencha. Ita ce ta ɗauki Yaretzi a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre. Ɗanta Ulises ne ya sauke mu a tasinsa ta layin baya. Shi ne mai yawo da Tencha ɗakunan ajiye gawa kyauta, duk inda aka ce an tsinci wata yarinya.

"Ana gama addu'a zan dawo, Doña Tencha," ya ce. "An ce akwai wata a garin Chalco."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Haka take ce masa. Ɗana.

Da Don Melquíades ya turo teburin da Madrina ke kai zuwa bakin ƙofa ya yaye mayafin, sai layin ya ɗauki shewa. Ja ce rigar, ja wur, mai faɗin ƙasa, ta zubo har ƙasan tebur. Ja kuwa launin masu roƙon soyayya ne.

"Wata ta samu miji," wata mata ta faɗa a bayana.

"Ko ta ƙwace na wata," na ce.

Lala ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Komadre, yau cunkoson ya yi yawa, ga ciwon ƙafarki. Mu yi daga nan mana, ai tana ji."

"Da gwiwa na yi alkawari, da gwiwa zan je."

"To gobe ma rana ce..."

Tencha ta riga ta durƙusa. Na bi ta a baya ina ture mata mutane, ina jin ƙarar gwiwarta a kan kwalta, ina tsine wa duk wanda ya jawo mana wannan rana. Ta isa. Ta kunna taba, ta busa wa fuskar hayaƙi yadda ake yi, ta ajiye tuffa. Sannan ta kama bakin rigar za ta sumbata.

Sai ta tsaya.

"Yaya."

"Me?"

"Yaya Ofelia, zo ki gani."

"Tencha, mutane na jira."

"Ki zo ki gani na ce!"

Na sunkuya. A ƙasan rigar, ta ciki, akwai ɗan tsuntsun nan mai shan furanni, an yi shi da koren zare. Rinin ya kama yadin ko'ina amma bai kama zaren ba. Yana nan kore shar.

Na san tsuntsun nan. Ana gobe bikin cikar Yaretzi shekara goma sha biyar, Tencha ta ƙone rigar da dutsen guga, ta zauna tana kuka tana rufe wajen da zare, ni ina mata tsiya cewa tsuntsunta ya fi kama da fara.

"Rigar 'yata ce," Tencha ta ce a hankali. Sai ta ɗaga murya. "Rigar 'yata ce! Don Melquíades! Wa ya kawo rigar nan?"

Layin ya yi tsit daga gaba, shirun yana tafiya baya. Tsohon bai yi gardama ba. Ya ja teburin ciki, ya yafito mu, ya ce wa jama'a a fara jan carbi, yana zuwa. Ina waiwayawa na ga Lala tana sulalewa ta bayan masu sayar da kyandir. Na cafko hannunta.

"Ina za ki? Komadrenki na cikin wannan hali?"

"Ruwa zan samo mata."

"Akwai ruwa a ciki."

Ya rufe ƙofar. Ɗakin ƙarami ne, warin kyandir da taba, rigunan watannin baya a rataye, keken ɗinki a kusurwa da almakashi a kai. Mu huɗu, da ita ta biyar a tsaye a tsakiya cikin jar rigarta.

"Wa ya kawo?" Tencha ta sake tambaya.

"'Yata, abin da ke tsakanin mutum da ita ba na shiga. Shekara da shekaru ina mata hidima, ban taɓa faɗin sunan mai riga ba."

"Yau za ka faɗa."

"Ba zan iya ba."

"Ka zauna a nan kana kallona kowane wata ina jan gwiwa!"

"Ban san tata ce ba, na rantse da wannan da ke tsaye. Ja aka kawo min, ja na karɓa."

"Wa?"

Bai faɗa ba, gaskiya ne. Bakinsa bai motsa ba. Idonsa ne ya zame wajen Lala, sau ɗaya, ya dawo da sauri.

Har lokacin hannun Lala yana cikin nawa. Na juya shi. Gefen faratanta ja ne, ja mai duhu, ya shige cikin fata. Tun makon jiya na gani, na tambaye ta, ta ce zoɓo ta dafa wa Ulises.

"Lala, wannan wane irin zoɓo ne da ya ƙi fita mako guda?"

"Sakar min hannu, Ofelia."

"Ki faɗa min inda kike saye, in daina sayen na banza."

"Ke dama ba ki taɓa ƙaunata ba."

"Ban taɓa ba. Amsa min."

Tencha ta juyo. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Babu fushi a ciki, roƙo ne kawai.

"Komadre, ki ce ƙarya take yi."

"Haba komadre. Ni? Ni da na ɗauke ta a hannuna Fada ya zuba mata ruwa? Ni da nake kwana a gidanki ina..."

"To ɗora hannunki a kan laujen."

Lala ta dubi laujen, ta ɗauke kai.

"Ɗora. Ki ce ba ke kika kawo ba. In kin faɗa, zan durƙusa in nemi gafararki a gaban duk mutanen da ke waje."

Kun ga, mutanen layin nan za su yi wa Fada ƙarya, su yi wa alƙali, su yi wa uwar da ta haife su. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi ƙarya hannunsa a kan laujen nan ba. Sun ce ba kai take ɗauka ba, wanda ka fi so take ɗauka. Lala kuma mutum ɗaya take so a duniya.

Ta miƙa hannu. Ya kusa taɓa ƙarfen, sai ta janye, ta sulale ƙasa ta zauna.

"Ni na kawo."

Don Melquíades ya yi alamar gicciye.

"A ina kika samu?" Tencha ta ce.

"Komadre..."

"Kar ki sake kirana da sunan nan. A ina kika samu rigar 'yata?"

"Ranar da ta fita... gidana ta zo."

Ranar da yarinyar ta ɓata, gidan Lala muka fara zuwa, ni da ƙafata. Tun tana ƙarama Yaretzi Madrina take ce mata, kamar yadda kowane yaro yake kiran uwar baftismarsa. Lala ta tare mu a ƙofa ta ce, "Ba ni take nufi ba, ai da rigar ta fita, wajen waccan ta tafi cika alkawari." Maganar ta shiga hankali. Daga nan muka juya, muka bi hanyar layin Don Melquíades muna tambayar kowane mai shago, muka manna hotonta a kowane turken lantarki. Watanni muna haƙa a inda babu komai, gidan Lala kuwa yana bayan namu.

"Kin ce ba ke take nufi ba," na ce.

"Na ce."

"Kika dafa mana shayi a daren."

"Na dafa."

"Me ya kai ta gidanki?" in ji Tencha.

"Ni na kira ta. Na ce ta kawo in wanke mata in goge kafin ta kai."

"Sai me?"

Lala ta fashe da kuka. Ban ji komai ba. Na sha ganin kukan nan, da shi ta cika mana gida.

"Sun kama Ulises! Kun manta? Kun manta makon nan sun ɗauke shi da motarsa? Ku ne kuka taya ni nema!"

Ba mu manta ba. 'Yan daba sun ɗauke Ulises kafin ɓatan Yaretzi da 'yan kwanaki, ya dawo bayan ɓatanta babu yatsu biyu. Unguwa ta ce Madrina ta yi abin al'ajabi. Tencha, da nata ciwon ɗanye a zuciya, ta sayi farin kyandir ta kunna a wannan ɗakin tana godiya an dawo wa komadrenta da ɗa.

"Sun kira ni a waya," Lala ta ce. "Ina jin ihunsa. Suka ce akwai wani babbansu da ya daɗe yana bin yarinyar da ke zuwa gidana, tana masa wulaƙanci. Suka ce ki kira ta kawai, ki bar ƙofa a buɗe. Ba abin da za ki yi. Ki kira ta kawai."

"Kika kira."

"Ɗana ne, Tencha! Shi kaɗai gare ni!"

"Ni nawa gare ni?"

Lala ta sunkuyar da kai.

"Nawa gare ni, Eulalia? Ƙirga min." Da cikakken sunanta ta kira ta.

"Ke ma da haka za ki yi."

Ni na mare ta. Ba na nadama, kar wanda ya turo min wa'azi. Don Melquíades ya shiga tsakani yana cewa ba a faɗa a gabanta. Na ce masa ita da ta tsaya tana kallo duk watannin nan, mari ɗaya ba zai ɓata mata rai ba.

A waje jama'a suna ta amsa addu'a, muryarsu tana shigowa ta ƙasan ƙofa.

Tencha ba ta ko kalle mu ba. Tambaya ɗaya ta rage mata, kuma na ga tana tsoronta.

"Ina kika binne ta?"

"Ban..."

"Ina suka jefar da ita? Ki faɗa min in daina buɗe 'ya'yan mutane a firji."

"Rigar ba ta wajena duk watannin nan. Da ledar suka tafi da ita."

"To ta yaya ta dawo hannunki?"

Lala ta kau da kai.

"Eulalia."

"Ulises ne ya kawo. Makon jiya."

"Ulises."

"Ba su sake shi haka kawai ba. Yana musu tuƙi. Yana kai abinci gidan da suke ajiye... gidan da take."

Gidan da take. Na ga maganar ta shiga Tencha, ta durƙusa a ƙasa.

"Tana da rai?"

"Makon jiya tana da rai."

"Ya gan ta?"

"Kullum yana ganinta."

Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Yaron da yake ajiye mota a ƙofar mutuware, ya buɗe wa ƙanwata ƙofa, ya jira ta fito tana amai ya miƙa mata ruwa, daga nan yake wucewa ya kai wa 'yarta abinci. Ita kuma tana sa masa albarka. Ni ma na sha ba shi tamal, irin alalar masarar nan, kyauta, har da ƙarin miya.

"Ita ta ba shi rigar," Lala ta ci gaba, muryarta ta dushe. "Ta ce alkawarinta yana nan bai cika ba, kuma yanzu a wuyansa yake. Ta ce in ya jefar, ya san wadda zai yi wa bayani. Yaron ya daina barci. Ya ce yana jin ana jan ƙarfe a rufin mota. Ya kawo min yana kuka. Na so in ƙone ta, na kunna wuta ma, na kasa. Wa zai ƙone kayan Madrina? Sai na rina."

"Don kar in gane."

"Don kar ki gane."

Sai na ji wata dariya ta fito min, mai ɗaci. Yaretzi kenan. An kulle ta, babu waya, babu taga, ta zauna ta lissafa cewa abu ɗaya ne matsoratan nan ba za su iya hanawa ba. Ta san ranar da ake sauya riga. Ta san wadda za ta zo da gwiwa ta kama bakin rigar.

Tencha ta rarrafa ta koma gindin teburin. Ta ɗaga yadin da hannu biyu, tana shafa tsuntsunta, tana kiran sunan yarinyar ƙasa-ƙasa. Sai yatsanta ya tsaya a wani ninki.

"Yaya, kawo kyandir."

Na kawo.

A ƙarƙashin fiffiken tsuntsun, can cikin ninkin, akwai wani. Ƙarami ne, bai kai farcen babban yatsa ba. Ba koren zare ba ne, shuɗi ne mai kauri, irin wanda ake zarewa daga bargo. Ɗinkin a karkace yake. Yaretzi ba ta taɓa iya riƙe allura ba, kullum uwarta na mata faɗa.

"Guda ɗaya na yi," Tencha ta ce.

"Na sani."

"Wannan ƙaramin..." Ta juya ta dubi Lala. "Wata nawa?"

Lala ta rufe fuska da jajayen hannayenta.

"Ulises ya ce cikin ya fara fitowa."

Na ɗaga kai na dubi fuskar nan mai haƙora a waje. Ban yi imani da ita ba, har yau ban yi ba. Amma na ce mata a raina, in har kina ji, ki ji kunya.

Sai hon ya yi kuka ta layin baya. Duk unguwa an san hon ɗin Ulises, kamar agwagwa mai mura.

Lala ta zabura ta kama ƙafar Tencha.

"Don Allah! Don girman Allah kar ki nuna kin sani! In suka ji za su kashe shi, su kashe ta! Ba irin mutanen da ake kai ƙara ba ne, da 'yan sandan suke cin abinci! Ki bar ni in lallaɓa shi, ki ba ni lokaci..."

"Na ba ki tun Janairu."

Tencha ta zare ƙafarta. Ta miƙe. Ta goge fuska da mayafinta, ta gyara hoton da ke wuyanta. Ta wuce ta gaban keken ɗinkin, na ga hannunta ya sauka ya tashi, almakashin babu shi.

"Tencha."

"Riƙe min ita, Yaya. Ko tari ta yi, ki toshe bakin."

"Ina zuwa tare da ke."

"In ya ga ke, zai gane. Ke fuskarki ba ta ɓoye komai."

"'Yata, ki yi tunani," in ji Don Melquíades.

"Ka je ka yi wa mutanenka addu'a, Don. Ka bar mata rigar a jikinta. Alkawarin 'yata ne, ya cika."

Ta buɗe ƙofar baya. Na danne Lala da gwiwa, tafina a bakinta, ina hangen motar ta tsakanin ƙofar. Ulises ya fito da sauri kamar kullum, ya buɗe mata ƙofar baya da hannun nan mai yatsu uku, yana murmushi.

Ba ta shiga baya ba. Ta zagaya ta buɗe gaba, ta zauna kusa da kujerarsa, jakarta a cinya, hannunta a cikin jakar.

Ya shiga ya tayar da mota.

"Mama fa?"

"Tana addu'a."

"To Chalco muka nufa ko, Doña Tencha?"

"A'a, ɗana," ta ce, ta ja ƙofar. "Na gaji da matattu. Yau inda kake kai abinci za ka kai ni."